Kundin aikin albam: gyaran hotunan gidanmu a Jidda

Juma'a, 10 ga Janairu 2025

Aikin da na ɗora wa kaina shi ne fitar da albam biyu na takarda, kowanne da hoto arba'in, kafin azumi ya ƙare. Ɗaya na Hajiya Kaka ne da ke Makka, don idonta ba ya jure hasken waya. Ɗayan kuma Kawu zai tafi da shi Kano idan ya zo Umrar Ramadan. Hotunan za su fito daga walimar auren ƙanena da aka yi a wata istiraha, wato gidan taro na haya, a watan jiya, da na yaran gida, da waɗanda zan ɗauka a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, domin mutanen gida su ga garin da muke zaune, ba filin jirgi kawai ba.

Kayan aikina: kyamara Canon 600D, samfurin 2011, mai megafiksel 18, wadda na saya hannu na biyu a Haraj, kasuwar kayan hannu, tare da idonta, wato lens, mai 18-55 a kan riyal 650. Sai laftof tsohuwa mai ram giga 8. Manhaja kuwa darktable zan yi yawancin aikin da ita, GIMP kuma don ɗan share-share. Dukkansu kyauta ne. Lightroom tana da kyau, amma kuɗinta na wata-wata ne, ni kuma aikin nan na Juma'a da Asabar ne da abin da ya rage na dare bayan an rufe shago.

Yau kwashe hotuna na yi daga katin zuwa kwamfuta, na raba su manyan fayil uku.

Asabar, 11 ga Janairu

Zaɓe. Na jefar da duk wanda ido ya rufe ko hannu ya girgiza. Cikin na walima kusan ɗari da ashirin suka tsira.

Juma'a, 17 ga Janairu

Yau na ci karo da abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, wato baƙar fata cikin farar jallabiya.

Kyamara ba ta san abin da ke gabanta ba. Ma'aunin haskenta yana ɗauka cewa idan aka cakuɗa duk abin da ke cikin hoton zai ba da toka-toka matsakaici, mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa. To a ce maza goma sun jeru, kowa cikin fari ƙal, bayansu kuma farar katanga. Sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don ta maida shi toka. Jallabiyar ta dusashe, fuskokin kuma, waɗanda dama su ne mafi duhu a wurin, su nitse. Hoton ango da abokansa haka ya fito, haƙora da fararen ido kawai ake gani.

Idan ka ja hasken hoton gaba ɗaya sama har fuska ta fito, jallabiya ta ƙone. Ƙonewa a nan na nufin ja da kore da shuɗi duk sun kai lamba 255, wadda ita ce ƙarshe, babu ninkin yadi, babu maɓalli, babu aljihu, sai farin fili. Abin da ya cece ni shi ne a RAW na ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG mataki 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW na wannan kyamarar kuwa bit 14 ne, wato mataki 16,384. Nauyinsa ne matsalarsa, kowane hoto kusan mega 25, amma a cikin duhun nan akwai bayanin da za a iya farfaɗowa.

Hanyar da ta yi mini aiki a darktable: na fara ƙara haske ina kallon fuska kawai, ban damu da riga ba. Bayan fuska ta zauna, sai na shiga sashen da ke raba hoto bisa matakan haske, na danne matakai biyu na sama har ninkin jallabiya ya dawo. Inda hakan bai isa ba, na zana iyaka a kan fuskar da gefe mai laushi, na ɗaga ta ita kaɗai. Gefen nan shi ne abin lura. Idan ya yi kaifi, sai ka ga wani zobe mai haske ya kewaye kan mutum.

Hoto shida na gama daga bayan la'asar zuwa isha. Da wannan tafiyar ba za a kai Sallah ba, dole in ajiye saitin a matsayin salo in riƙa manna wa 'yan uwansa.

Asabar, 18 ga Janairu

Na ajiye salon, na manna wa hoto ashirin da aka ɗauka a waje kafin magariba. Ya zauna a kan mafi yawansu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Hotunan cikin zaure sun ƙi salon. Fitilun istirahar iri biyu ne, na rufi farare masu ɗan kore-kore, na bango kuma rawaya. A ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen kelbin 5,500, ƙwan fitila mai rawaya wajen 3,000. Idan na daidaita fari bisa na rufi, rabin fuska ya yi lemo. Idan na bi na bango, jallabiya ta yi shuɗi. Na ɗauki fari daga ƙirjin jallabiyar da ke tsakiyar hoton, na bar gefuna da ɗan rawayarsu, na rage ƙarfin koren kaɗai. A baƙar fata kore shi ne abokin gaba, yana sa mutum ya yi kama da wanda ya taso daga jinya. Ina dubawa da ɗan tsinken ɗaukar launi a kumatu: ja ya fi kore, kore ya fi shuɗi. Idan jerin ya karkace, akwai gyara.

Wani abin kuma, hotuna uku da aka ɗauka a jere cikin daƙiƙa ɗaya kowanne da launinsa. Fitilun ne ke ƙiftawa tare da wutar lantarki, ido ba ya gani amma kyamara na gani idan saurin ɗauka ya yi yawa. Wutar Saudiyya zagaye 60 take yi a daƙiƙa, ba 50 irin ta Najeriya ba, don haka nan gaba a cikin ɗaki zan tsayar da saurin ɗauka a 1/60 na daƙiƙa.

Juma'a, 31 ga Janairu

Hotunan ɓangaren mata sun iso. Ni ban shiga can ba, ƙanwata ce ta ɗauka da wayarta, kuma an yi magana a gida cewa a albam ɗin Hajiya Kaka kawai za su shiga, wanda ba zai bar ɗakinta ba, su ma sai waɗanda masu su suka yarda. Ta turo ta WhatsApp, shi kuma ya matse su, gefen gyale duk ya yi ɗaki-ɗaki. Na ce ta sake turowa a matsayin fayil ɗin takarda, sai suka zo da cikakken girmansu.

Tare da hotunan ta aiko da saƙon murya: "Yaya, don Allah ka ɗan haska ni, ka ga yadda wayar ta haska amarya."

Wayar ce kuwa ta yi, tana da saitin ƙawata fuska da ke kunne tun daga masana'anta. Ta goge ƙofofin gashi, ta goge zanen da ke kumatun Inna, ta ɗaga launin kowa ya koma wani fari-fari mai toka wanda babu mai shi a zuriyarmu. Wannan ba ya gyaruwa, abin da aka goge a JPEG ya tafi. Iyakar abin da na iya shi ne dawo da ɗumin launin da ɗan zurfin inuwa.

Na ce mata, "Ƙanwata, zan fito da fuskarki sarai, amma da launin da Allah ya ba ki. Kaka so take ta gane jikokinta." Ba ta ji daɗi ba. Wani abokin ango ma ya roƙi irin haka ranar Talata, har yana cewa a situdiyo ba a musu da mai biya. Gaskiyarsa, ni kuma ba biyana aka yi ba.

Fito da fuska daban, canza fata daban, kuma a allo ana iya bambance su. Idan haske ka gyara, goshi da karan hanci suna ɗaukar sheƙi, ƙasan haɓa yana nan da inuwarsa, launin ruwan ƙasa yana ƙara cika. Idan fata ka canza, komai ya zama shafe ɗaya, wuya kuma ya tona asiri don ba a cika tunawa da shi ba. Matsalar ma ta girmi wayoyi. Tun zamanin fim, a shekarun 1950, katin da Kodak ke ba masu wankin hoto su daidaita injinsu da shi hoton farar mace ne, ana ce masa katin Shirley. Ba a daɗe ba ne kamfanoni suka fara ɗaukar abin da muhimmanci, kamar Google da ta fitar da Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021. Shi ya sa ba na taɓa maɓallin gyara-da-kanka a kowace manhaja idan akwai mutanenmu a hoton.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Balad da sassafe, tun kafin shaguna su buɗe. Na shiga ta Bab Makka, na bi Suƙ Alawi har Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ga bishiyar darbejiyar nan a gabansa. UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma ana ta gyaran gidaje, don haka sai ka kauce wa ƙarafan magina kafin ka sami kusurwa mai tsabta. Gidajen da dutsen murjani na teku aka gina su, tagoginsu kuma rawashin ne, katako mai ɓula-ɓula da aka turo waje daga bango, wasu kore, wasu shuɗi, wasu ruwan ƙasa.

Lungunan matsattsu ne, dole ka ɗaga kyamara sama, sai gidan ya fito yana tsukewa ta sama kamar zai kwanta baya. Akwai sashen miƙar da layuka a darktable, yana gano layukan tsaye da kansa ya daidaita. Sai dai yana cinye gefen hoton, wanda bai bar fili a gefe ba zai rasa ƙofa ko rufin soro. Ban miƙar da su ɗari bisa ɗari ba, don wasu gidajen da gaske sun karkata, an tokare su da katako.

Ban ɗauki fuskar kowa ba sai wani dattijo mai sayar da turare da na nemi izininsa. Na ce, "Baba, in ɗauke ka da kayanka?" Ashe Bahaushe ne, ya ce, "Ɗauki, ɗana, amma bari in gyara hula." A nan ba a wasa da wannan, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya da makamantanta.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Aiki a kan hotunan Balad. A duk hoton da sama ta fito akwai ɗigo uku a wuri ɗaya, ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, tana bayyana idan an tsuke ƙofar haske zuwa f/16. Na share su a hoto ɗaya, na kwafa gyaran zuwa sauran. Na sayi 'yar robar hura iska, riyal 25.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar Kafuwar Saudiyya, babu aiki. Na je bakin teku da yamma don maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda ke harba ruwa sama da mita 250 tun 1985. Danshin Jidda ya sa sararin ya yi madara. Da na dawo na sa katin a kwamfuta, sai ta ce a goge shi a sake tsarawa kafin a yi amfani da shi. Kyamara ma ta ce ba ta iya karanta shi.

Ban yarda an goge ba, ban kuma sake ɗaukar komai a kansa ba, na tura ɗan makullin gefensa ƙasa. Na saukar da PhotoRec, manhaja ce ta kyauta da ba ta kula da jerin sunayen da ya lalace, tana bin katin ne lungu-lungu tana neman alamar farkon kowane fayil. Fuskarta baƙin allo ne da rubutu, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ta kwana tana aiki. Da safe ta fito da fayiloli barkatai, ba sunayensu na asali, har da hotunan wanda ya sayar mini da kyamarar, na rakuma da wata mota, waɗanda na goge nan take. Na bakin teku mafi yawa sun dawo. Guda biyar sun dawo rabi hoto rabi ruwan hoda, cikinsu har da wanda rana ta faɗa daidai bayan ruwan.

Katin tare da kyamarar ya zo, sunan babban kamfani ne a jikinsa amma rubutun yana kankaruwa da farce. Na sayi sabo mai giga 64 a babban shago da rasit, riyal 55, da faifan ajiya na waje mai tera 1, riyal 230, don RAW da 'yan fayilolin XMP da darktable ke rubuta gyare-gyare a ciki su zauna wuri biyu. Wannan kuɗin ba ya cikin lissafin farko.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Cire hazo daga hotunan teku. Kaɗan ya isa, idan an matsa sama tana yin datti. Laftof na ɗaukar zafi tana mutuwa idan na fitar da hotuna da yawa a tare, yanzu biyar-biyar nake yi, na ɗora ta a kan murfin tukunya biyu don iska ta shiga ƙarƙashi.

Juma'a, 7 ga Maris, 7 ga Ramadan

Gwajin wanki. Na kai hoto goma wani situdiyo, girman santimita 10 da 15. Don a samu ɗigo 300 a kowane inci, hoton na buƙatar fiksel 1,200 da 1,800, kyamarata kuwa 5,184 da 3,456 take bayarwa, akwai rara sosai ko an yanke. Na fitar da su a tsarin launi na sRGB.

Sun fito da matsala biyu. Ta farko, duk sun fi yadda nake gani a allo duhu. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai abin da hasken ɗaki ya ba ta, kuma allon laftof ɗina a ƙure yake. Masu wannan aiki suna sauke hasken allo zuwa wajen kandela 100 zuwa 120, ni ba ni da na'urar aunawa, sai na ɗauki farar takarda na riƙe kusa da allo a hasken taga, na yi ta ragewa har fararen biyu suka yi kusa. Wajen kashi arba'in ya tsaya.

Ta biyu ta fi ɓata mini rai. Injin situdiyon yana da nasa gyaran da yake yi wa kowane hoto. Ya ga fuskoki, ya ɗaga su, ya zuba musu wani ja-ja, aikin da na yi na mako uku ya rushe shi cikin minti ɗaya. Na koma na ce a kashe. Yaron da ke kan injin ya ce mutane sun fi so a bari. Na ce ni a kashe mini, ya rubuta a jikin ambulan. Riyal 15 na gwaji, wani 15 na maimaici. Na biyun ya yi daidai da allo bayan na ƙara wa kowane hoto ɗan haske a tsakiyar matakai.

Takarda mara sheƙi na zaɓa. Mai sheƙi tana fito da launi, amma albam ɗin da yara za su yi ta taɓawa da hannun maiƙo ba ya son ta.

Asabar, 15 ga Maris

Balad bayan tarawi. Cunkoso, masu balila da masu soya hanta suna ta kirari, ga sobiya fara da ja a robobi, can gefe mutanenmu masu tsire hayaƙi na tashi. Hannuwa da tire da wuta na ɗauka, ban da fuskoki. Dole na kai ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 3,200, hotunan suka cika da yashi-yashi. Sashen rage shi a darktable yana da ma'aunin da aka yi wa wannan kyamarar musamman. Na cire ɗigon launi gaba ɗaya, na bar rabin na haske, don idan an cire duka, naman tsire yana zama kamar roba. A girman 10 da 15 sauran ba ya ma fitowa.

Talata, 18 ga Maris

GIMP 3.0 ta fito shekaranjiya. Ba zan sabunta ba sai an gama albam. Da tsohuwar na cire wayar lantarki da ta ratsa kan Baba a hoton iyali, da kwalbar ruwa a gaban ango.

Juma'a, 21 ga Maris

Kawu ya iso, yana Makka. A waya ya ce, "Kai ɗan nan, kar ka cika mini shi da hoton gine-gine, mutane ake son gani." Na rage na Balad a albam ɗin Kano daga sha biyu zuwa bakwai, na ƙara na yara. Hoton dattijo mai turare yana ciki, kuma na wanke masa nasa babba zan kai masa.

Laraba, 26 ga Maris

An wanke tamanin, an bi abin da ke jikin ambulan. Biyu sun fito da layi a gefe, sun sake su ba kuɗi. Na jera, na rubuta suna da wuri a ƙarƙashin kowanne, na Kaka da ajami da manyan baƙaƙe, na Kano da boko.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ranar Lahadi aka yi Sallah, washegari na hau jirgin ƙasa na Haramaini zuwa Makka na miƙa duka biyun. Hajiya Kaka ta gane kowa a hotunan maza ba tare da ta karanta suna ba. A na mata ta tsaya a kan guda biyu tana tambaya ko baƙi ne, waɗanda wayar ta fi yi wa ɓarna ke nan. Ƙanwata ta kashe saitin a gabana, ko da yake har yanzu tana cewa nata hoton ya yi duhu.

Lissafi, ban da kyamara: robar iska 25, kati 55, faifan ajiya 230, gwajin wanki 30, wankin tamanin 120, babban hoto ɗaya 20, albam biyu 90. Jimla riyal 570.

Mataki na gaba: katin toka na daidaita fari, a riƙa ɗaukarsa a farkon kowane zama don a huta da laluben launi a ƙirjin jallabiya. Sai ido mai 50 f/1.8 idan na samu na hannu ƙasa da riyal 300, saboda hotunan dare su sauko daga ISO 3,200. Furen wardi na Ɗa'if yana kan kakarsa a wannan watan, kuma da asuba ake tsinkarsa, don haka ranar Juma'a mai zuwa zan kwana can. Ruwan hoda mai ƙarfi yana ƙone layin ja tun kafin sauran launuka su cika, zan rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki tun a wurin ɗauka, in kuma gwada sabuwar GIMP a kan kwafi.